Inda Muka Rubuta A'a

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sai da matar ofis ɗin ta juyo takardar ta fuskance ni, ta ɗora farcenta a layi na tara, sannan na gane. Tambayar ta ce, shin ɗalibi yana da wata nakasa ko lalura da ke buƙatar kulawa ta musamman? Gurbi biyu ne, E da A'a. An cika A'a, an sa hannu a ƙasa. Hannunka ne, Malam. Ko cikin takarda dubu zan gane shi.

Shekara huɗu ke nan da cika fom ɗin, makon da Auta ta shiga jami'a.

Matar ta ce, "Mama, a wurinmu 'yarki lafiyarta ƙalau. Ga shi a rubuce."

Na ce, "A rubuce ne take lafiya. Ga ta nan zaune, miƙa mata takardar ki ga inda za ta kai ta." Auta ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Saura mako uku su fara jarrabawar ƙarshe. A gwajin makon jiya ba ta iya karanta tambayoyin ba, rubutun ƙanana, zauren da duhu-duhu. Malaminta ne ya ce ta zo ofishin ɗalibai masu buƙata ta musamman, a riƙa ba ta takardar tambaya mai manyan baƙaƙe da ƙarin lokaci. Na ɗauka maganar shiga ka fita ce. In ta faɗi ko da darasi ɗaya, sai ta maimaita shekara, ƙawayenta su fita su bar ta.

Wata bakwai da rasuwarka, mijina. Wannan littafin a cikin jakarka na same shi, ba ka rubuta komai a ciki ba. To ni zan rubuta, tunda ba ka nan balle in faɗa maka a ido.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Abu uku ofis ɗin yake so. Takardar likitan ido wadda ba ta wuce shekara ba, kuma ba sunan ciwon kawai ba, sai ya faɗi abin da ciwon yake hana ta yi. Sai fom da Auta za ta sa wa hannu da kanta. Sai wasiƙa, ita ma daga gare ta, ta bayyana dalilin da ya sa a can baya aka ce A'a, da dalilin da ya sa ta makara, don an rufe karɓar takardu tun makon jiya. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis 20 ga wata.

Na ce ni zan sa hannun. Matar ta ce ba zai yiwu ba, Auta ta wuce sha takwas. Ni na haife ta, ni nake zare mata ƙashin kifi har yau, amma ba ni da baki.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ta zuba shayi a gefen kofi. Na yi kamar ban gani ba. Ta yi kamar ba ta san na gani ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na buɗe akwatinka ina neman katin asibitinta. Ban so ba. Rigunanka har yanzu da ƙamshin nan na tawadar inji da sabulu.

Na same shi a aljihun rigar sanyi, an naɗe shi cikin leda. Ranar ƙarshe da aka rubuta a kai ta kai shekara biyar. Ranar da likitan ya faɗi abin da ya faɗa, muka fito, ka ce ba za mu ƙara zuwa a maimaita mana magana ɗaya ba. Ka ce kai ne idonta.

To ina kake?

Wanda ya ce shi ne idon mutum ba ya kwanciya da zazzaɓin kwana uku ya ƙi tashi. Allah na tuba. Amma haka nake ji, kuma ba zan goge ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je shagonka na kwafin takardu. Tun ranar da ka rasu ban taka layin ba. Ƙanenka ne ke zaune a kujerarka, ya sa mata filo, don ya ce ta yi masa ƙasa.

Na ce masa takardun lacca na Auta na kawo a faɗaɗa. Ya ce wane irin faɗaɗawa? Sai na yi masa bayani, yadda kullum in ka tashi daga aiki kake tura ƙofa, ka sa manyan takardu a injin kwafi, ka buga mata karatunta baƙaƙe manya-manya, ka ɗinke da zare, ka kawo gida cikin baƙar leda don kada a gani. Manyan tana karantawa a ɗaki. Ƙananan tana riƙewa a aji don idon mutane.

Ya riƙe baki. Ya ce, "Matar Yaya, ashe abin da yake rufe ƙofa yana yi ke nan? Wallahi ni na ɗauka kuɗin jabu yake bugawa, har ina jin haushi bai sa ni ciki ba."

Na yi dariya, abin da ban yi ba tun yaushe. Sai dariyar ta juye ta zama wani abu, ya fita ya ba ni wuri.

Akwai maɓallin da ka manna wa jan salatif. Shi na danna. Takarda ta fito babba, amma gefen dama ya yanke, kowane layi ya rasa kalmarsa ta ƙarshe. Sau shida ina ɓatawa kafin Baffan nata ya gano sai an juya takardar a kwance.

A hanya nake tunani. Wata bakwai babu wanda ya danna maɓallin nan. To da me take karatu? Da na tambaye ta ta ce da waya, tana ɗaukar hoton shafi ta buɗa shi da yatsa, kalma uku-uku. Wani lokaci ƙawarta Doguwa ta karanta mata. Wata bakwai, muna gida ɗaya, ina zaune gaban keken ɗinki ina kukana, ban tambaya ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ban yi ɗinki ba. Masu kaya biyu sun zo, na ce su dawo.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Asibitin ido. Mai ba da kati ya duba littafinsa ya ce sai bayan mako shida. Na ce jarrabawa saura mako biyu. Ya ce kowa da uzurinsa. Na koma benci na zauna.

Aka ga mutanen safe, aka ga na rana, aka fara share ƙasa ina nan. Wata nas ta ce, "Mama, nan fa ba tashar mota ba ce."

Na ce, "Da tasha ce ai da tuni na samu mota."

Ta kalle ni, ta kalli katin da ya tsufa a hannuna, ta shiga ciki. Ta fito ta ce Juma'a ƙarfe tara, kada mu makara ko da minti ɗaya, kuma kada in gaya wa kowa zama a benci yana aiki.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na ajiye mata fom da biro a kan tebur. Ta ce, "Umma, karanta min abin da aka rubuta a sama."

Na ce rubutun ofis ne kawai.

"Karanta."

Na karanta. Kalmar tana nan, wadda ba mu taɓa furtawa a gidan nan ba.

Ta ce, "Abba ya ce ni ba haka ba ce. Ya ce idona ne kawai yake da nawa."

Na ce nawar ta ƙaru, Auta, ke ma kin sani.

"Wasiƙar fa? Me zan rubuta? Cewa mahaifina ya yi musu ƙarya? Mutumin da ko canji kwastoma ya manta sai ya bi shi har titi? Yana kabari in sa hannu a ce maƙaryaci ne, don a ƙara min minti talatin?"

Na ce bari in duba tukunya.

Babu tukunya a wuta.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Likitan nan yaro ne a ido, amma ba ya wasa. Ya zaunar da ita gaban allon baƙaƙe. Da idon dama ta karanta babban na sama. Na biyu ta yi canke, ta ci sa'a. Na uku ta kasa. Da idon hagu ta ce allon ma ba ta ga inda yake ba sosai.

Ni ina ganin har layin ƙasa daga inda nake tsaye, ni da ban wuce aji biyu na sakandare ba, ni da ba abin da zan yi da idon sai zura zare a allura.

Ya duba katin ya ce, "Wa ya daina kawo ta?"

Auta ta ce, "Hidima ce ta yi yawa."

Ya ce ciwon ba ya warkewa, wannan gaskiya ne. Amma akwai gilashin hannu mai fitila, akwai na'urar da ke karanta rubutu a ji da kunne, akwai horon da ake yi wa masu irin idonta. Ya ce da an ci gaba da zuwa, da tun shekara biyar da suka wuce tana da su.

Ka ji, Malam? Shekara biyar tana goga hanci a takarda. Kai kana can kana ɗinke manyan shafuka kana jin kai gwani ne.

Takardarsa za ta fito ranar Talata.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Baffanta ya zo da shawara. Wai ya san wani da ya san wani a jami'ar, a yi masa magana a zaunar da ita inda haske yake, ba sai an yi ta cike-cike ba.

Na ce haka yayanka ya yi. Shekara uku yana yi wa wani tsohon masinja kwafi kyauta, shi kuma in jarrabawa ta zo ya matsar da kujerarta bakin taga. Tsohon ya yi ritaya, yayanka ya tafi, taga ta tafi da su. Na gaji da alfarma. Alfarma mutuwa take yi.

Ya ce, "Matar Yaya, faɗan nan ba nawa ba ne, amma ba komai, sauke min shi." Na ba shi haƙuri. Shi yana da sauƙin ba wa haƙuri.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na kai takardar likita ofis ni kaɗai. Na shiga da shirin faɗa, tun a mota nake jera maganganu.

Matar ta karanta ta ce wannan ta yi, ta wadatar. Ta miƙe za ta ɗauko fayil, sai na ga ta jawo sanduna biyu daga bayan kujera ta dogara. Ranar farko ban lura ba. Maganganun da na jera duk suka watse.

Ta buɗe wata durowa ta ce, "Mama, kin ga nan? A'a ce cike, irin taku. Kusan duka rubutun iyaye ne. Tawa ma haka aka cika, ni da ake ganin tawa lalurar daga nesa."

Na ce to ki taimaka ki wuce da ita haka.

Ta ce, "Ba zan iya nema wa mutum abin da bai ce yana so ba. An riga an amsa a madadinta sau ɗaya. Ya isa."

Na ji haushinta fiye da ranar farko.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Auta ta ƙi zuwa. Na je wurin zaman kwamitin na tsaya a baranda, da suka gaji da jin muryata suka ce in shigo. Mutum biyar, dogon tebur, kowa da robar ruwa a gabansa.

Wani mai sanƙo ya ɗaga takardar sakamakonta ya ce, "Da wannan makin? Shekara uku tana cikin biyar na farko a ajinsu. Wace kulawa kuma take nema? Yanzu kowa ya ga jarrabawar ƙarshe sai ya tuna yana da ciwo."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce makin nan da kake ɗagawa, kowane ɗaya da ciwon kai aka same shi. Abin da ɗanka zai karanta a awa ɗaya ita sai ta yi huɗu, ido yana zubar ruwa. Don ta ci shi ne laifinta? Sai ta faɗi warwas za ku yarda? To ba ni tabaranka in shafa masa man shafawa, ka karanta min layi ɗaya a takardar nan, in ga naka makin.

Wani ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari.

Shugabar kwamitin ta ce in zauna. Ta ce wa mai sanƙon ƙoƙarin ɗalibi ba ya soke haƙƙinsa, takardar likita ake dubawa, kuma ta cika. Har na fara sauke numfashi. Sai ta ce amma babu sa hannun ɗaliba, babu wasiƙarta, don haka babu buƙata a gabansu. Za su sake zama Laraba 26.

Jarrabawa Litinin 24.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ranar da aka cika fom ɗin ina nan. Kana kan tabarma, ina bakin gado ina sa maɓalli a riga. Ka zo layi na tara ka ɗago kai.

Zare ya ƙare min. Bari in je kasuwa.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na goge mata kaya. Na fere fensir uku, ba ta ma amfani da fensir.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ta dawo da tawada a kan hanci.

Lambar kujerarta a tsakiyar zaure take, ƙwan fitilar da ke samanta ya mutu. Minti arba'in ta yi tana karanta tambayoyi. Biyu ta amsa cikin biyar. Mai tsaron jarrabawa sau biyu yana zuwa ya ɗaga takardarta, yana zaton wani abu take ɓoyewa da ta kifa fuska haka.

Ta faɗa min duk wannan tana cire takalmi, murya ba ta ko rawa. Ta ce, "Ba komai, Umma. In maimaitawa ce in maimaita. Gara haka da in tozarta Abba."

Sai na faɗa mata.

Na ce Abbanki E zai cika. Ya riga ya ɗora biro. Ya ce a rubuta gaskiya, wataƙila makarantar tana da abin da za ta taimaka da shi. Ni na riƙe masa hannu. Na ce kada ya sa wa yarinya tambari, takarda ba ta mantuwa, yau ofis ne gobe duk unguwa, a riƙa nuna ta ana cewa ga 'yar mai ɗinki da ba ta gani. Na yi kuka, na ce in ya cika E ban yafe ba. Asibitin ma ni na fara cewa a daina zuwa, don an fara tambayata me muke zuwa yi kowane wata. Shi ya faɗa da bakinsa ne kawai. Ranar da aka cika fom ɗin ya kwana bai yi min magana ba, washegari ya sayo manyan takardu.

Ta daɗe tana kallon wajen da nake.

Ta ce, "Mako uku, Umma. Kina ji ina kare shi, kina da amsar a baki."

Ta ɗauki fom ɗin ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe tara na safe

Doguwa ce ta zo ta raka ta. Na sa mayafi na fito, Auta ta ce, "Ki zauna, kina da ɗinkin mutane."

Ta bar kwafin wasiƙar a kan tebur, da baƙar maka, biron nan mai kaurin baki, ta rubuta, layi shida ya cika shafi. Ta ce iyayenta ne suka cika fom ɗin farko don suna jin tsoro, ita kuma yau ta cika nata. Ba ta ce uwarta ba. Da ta rubuta sunana ɓaro-ɓaro da ya fi min sauƙi.

Na karanta abin da na rubuta maka a shafukan baya, Malam. Laifina ne na ɗora maka, ka bar ni da shi, shi ke nan. Har yanzu ina jin haushinka. Me ya sa ka biye min? Kai ne mai karatu a gidan.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Sun amince. Darussa ukun da suka rage za a ba ta manyan baƙaƙe, da ƙarin minti talatin, da ƙaramin ɗaki mai haske. Na Litinin kuwa yana nan yadda ta rubuta shi, sai dai in an ɗaukaka ƙara cikin kwana goma sha huɗu a nemi ta sake zama. Kuma sun ce tunda ba ita ta cika fom ɗin farko ba, suna son bayani a rubuce daga wanda ke wurin da aka cika.

Ba ni ta faɗa wa ba. Baffanta ta kira a waya, na ji ta bayan labule.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ta amsa biyar cikin biyar. Na ji tana gaya wa Doguwa a ƙofar gida, wai har ta samu lokacin sake dubawa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta shiga makarantar. Suna ta shewa. Da ta shigo ta ce, "Sannu da gida," ta wuce.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Tana gaishe ni, tana cin abin da na dafa, tana cewa an gode. Auta da ko ruwa na miƙa mata sai ta ce ya yi sanyi ko ya yi zafi, yau ita ce mai an gode.

Na yago shafi daga tsakiyar littafin nan tun jiya. Na rubuta "Zuwa ga kwamiti," na tsaya. Na san abin da zan ce, na riga na faɗe shi sau ɗaya ban mutu ba.

Saura kwana goma sha biyu. Wasiƙar ban rubuta ta ba, Auta kuma faɗa mata kawai na yi, ban ba ta haƙuri ba.